Wata Biyar a Gidan Goggo a Kakau

Mako uku ke nan da muka binne Goggo, har yau mutane ba su daina zuwa ta'aziyya ba. Wasu gidanta na Kakau kaɗai suka sani, sai su je can su tarar da ƙofa a garƙame, maƙwabta su kwatanta musu gidanmu a Sabon Tasha. Kowa ya zauna sai ya ce, "Sannunmu da rashi," ya yi shiru na ɗan lokaci yadda ya kamata, daga nan kuma sai ya fara ba da labarin ranar da ta yi masa faɗa. Ban taɓa zaman makokin da aka yi dariya a cikinsa kamar wannan ba. Sai dai dariyar ba ta nisa, mutum yana cikinta za ka ga ya kai gefen zani ko hannun riga fuskarsa.

Matan kasuwar Kakau sun zo a mota guda, suka ce rumfarta ta gyaɗa da citta har yanzu ba wadda ta yarda ta zauna a ciki. Bafulatanar da take kawo mata nono ta zo, ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa bakin ƙofa, ta ce tun tana budurwa Goggo ba ta taɓa barinta ta wuce cikin rana ba sai ta sauke ƙwarya ta sha ruwa. Shi kuwa magatakardan ikilisiyarmu, dattijo mai furfura da tabarau, ya riƙe hannuna ya ce, "Mama, tsohuwar nan ta taɓa korata da muciya a hannu, ni da nake dattijon coci. Kuma Allah ya sani da gaskiyarta." Na san ranar da yake nufi, domin ina laɓe a bayan rumbu ina kallo.

Na zauna in rubuta wannan ne don 'ya'yana mata biyu, da kuma duk wadda Allah ya sa ta auri ma'aikacin coci. Goggo ba ta iya karatu ba, ba ta bar ko takarda ɗaya ba. In ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru abin da za a tuna kawai shi ne wata gajeriyar tsohuwa mai faɗa.

Yayar mahaifin maigidana ce. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, ita ta ɗauke shi ta raine shi. Nata biyu da ta haifa ba su tsaya ba, mijinta kuma, wanda yake mai bishara ne a ƙauyukanmu na kudu, ya rasu tun kafin in san gidan. Da maigida ya samu aiki a Kaduna, sai ta biyo shi, amma ta ƙi zama cikin gari. Ta ce ba za ta iya zama inda ake sayen ganyen miya ba. Ta samu fili a Kakau, ta gina ɗakuna uku da rumbu, ta kama noma. Ni kuwa tun ranar da aka kawo ni take ce mini Amarya, har na yi furfura a gefen kunne ba ta canza ba. In ta ɗanɗana miyarki ta ce "ba laifi," to ki yi murna, iyakar yabonta ke nan.

Abin da zan faɗa ya faru ne shekaru huɗu da suka wuce, zamanin da soja suka koya mana bin layi a kan sabulu da madara. Maigida yana shekararsa ta goma sha ɗaya yana fasto a ikilisiyarmu. Masaƙun Kakuri sun fara sallamar ma'aikata, kuma mutanenmu da yawa can suke aiki. Duk wanda aka miƙa wa takardar sallama, gidan fasto yake fara zuwa kafin ya je ya gaya wa matarsa. Ga jana'iza, ga sulhun aure, ga asibiti, ga zanen suna. Ban taɓa ji ya ce wa kowa "je ka dawo gobe" ba, kuma ni ina alfahari da hakan.

Wata Lahadi bayan Ista, an gama sujada, ya ɗaga hannu zai sa wa jama'a albarka. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya tsaya haka, hannu a sama, coci ya yi tsit har ana jin kukan jarirai a waje. Ni da nake layin gaba cikin ankon zumuntar mata, sai na ɗauki waƙa da ƙarfi, mata suka amsa, aka tashi ana cewa yau Ruhu ya sauko wa Fasto.

Da muka shiga gida ya zauna a bakin gado da takalmansa a ƙafa. Ya ce, "Maman yara, wata bakwai ke nan rabona da addu'a. Wadda kuke ji a coci bakina ne yake yi, don ya saba. Yau shi ma ya gaji."

Ban rungume shi ba, ban tambaye shi yaya yake ji ba. Abin da na ce shi ne, "Kada ka gaya wa kowa." Har yau in na tuna sai in yi da-na-sani. Fasto zai iya yin ciwon ƙafa, zai iya yin hawan jini, jama'a su tausaya masa. Amma faston da ba ya iya addu'a, ban san inda za mu sa kanmu ba. Muka gaya wa dattawa gajiya ce da jiri. Su kuwa, Allah ya saka musu, suka zauna suka ba shi hutun wata shida, suka ɗauko wani sabon fasto da ya fito makaranta ya riƙe masa.

Sai dai ba wanda ya yi tunanin inda za a yi hutun. Muka ci gaba da zama a gidan fasto, wanda bango ɗaya ya raba shi da coci. Tun da safe za ka ji sallama, kuma kowa da gaisuwa iri ɗaya yake zuwa: "Mun san kana hutu, Fasto, amma…" Ni nake buɗe ƙofa, ni nake kawo ruwa, ni nake shiga ɗaki in ce, "Ka ɗan fito, minti biyar ne." Wata guda muka yi haka, mutumin yana ƙara ramewa.

Wata Talata sai ga Goggo da ƙullin gyaɗa a ka. Ta zauna a kusurwar falo tun hantsi tana kallon masu shiga da fita. Da rana ta yi na kawo tuwo, akwai baƙi uku, ɗayansu ya ce, "Fasto, sa mana albarka." Kowa ya rufe ido. Maigida ya sunkuyar da kai ya haɗa 'yan kalmomi, aka ce amin. Baƙi suna fita Goggo ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

"Amarya, haɗa kaya."

"Kayan wa, Goggo?"

"Naku. Gobe zan turo mota."

Na fara kawo mata maganar dattawa da makarantar yara, ta ce dattawa sun ba da hutu, ita za ta ba da wurin yinsa. Washegari a-kori-kura ta tsaya a ƙofarmu. Babbar 'yarmu muka kai ta wurin ƙanwata a Trikania saboda makaranta, ƙaramar muka tafi da ita. Ruwan farko ya sauka a makon.

Muna isa, tun ba mu sauke kaya ba, ta miƙa wa maigida hannu ta ce ya ba ta farar kwalar nan ta wuyan fastoci da jakar littattafansa. Ya ba ta ba musu. Ta saka su a akwatinta na ƙarfe, ta rufe, ta zauna a kai. Ta ce, "A gidan nan babu Fasto. Akwai ɗan ƙanena, wanda na wanke wa kashi. Duk wanda ya ce Fasto a tsakar gidan nan, ya koma inda ya baro shi." Ta juyo kaina ta ce har ni.

Ni ma ba ta bar ni ba. Da yamma na ɗaura zani na nufi murhu, na tarar ta riga ta ɗora tukunya. Na kai hannu zan karɓi muciya, ta riƙe gam. Muka tsaya muna ja, ni da tsohuwa, kamar yara a kan rake.

"Goggo, don Allah. Ni surukar gida in zauna a tabarma kina tuƙa tuwo? Me maƙwabta za su ce?"

"Za su ce Amarya ta samu wuri. Ke ba a ba ki hutun ba ne?"

"Takardar hutun da dattawa suka rubuta ba ta ambace ni ba."

"To, ni na ambace ki. Je ki zauna."

Wata guda cur ba ta bar ni na taɓa tukunya ba. Kwanakin farko ji nake kamar a kan ƙaya nake zaune, sai in tashi in ɗauki tsintsiya, ta daka mini tsawa. A mako na biyu na kwanta da rana in ɗan miƙe baya, ban farka ba sai da kaji suka fara shiga akurki. Sai a lokacin na san ashe ni ma na gaji.

Addu'ar abinci kuwa ita ta karɓe ta, kuma ido buɗe take yi. Ga irin abin da take cewa: "Ubangiji, ga mu kuma. Ga tuwon acca, miyar ba ta ji daddawa ba, ka san dalili. Ruwan da ka aiko shekaranjiya mun gode, amma gonar gangare ba ta samu sosai ba. Akuyar nan mai ɗingishi, ka duba ta. Shi ke nan, abinci zai huce. Amin." Ranar farko sai da na ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini. Ƙaramar 'yarmu ta ce, "Kaka, me ya sa Baba ba ya yi mana?" Goggo ta gutsuri tuwo ta ce, "Domin nan gidana ne. In kin gina naki, ki zaɓi wanda zai yi."

Shi kuwa fartanya ta ba shi. Hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana riƙe alƙalami ya kumbura ya fashe, ta shafa masa man kaɗe tana masa tsiya, wai huɗarsa a karkace take kamar tafiyar mashayi. Da hantsi ya yi zafi sai ya dawo ya kwanta a gindin mangwaro ya yi ta barci, ita kuma ta zauna nesa kaɗan da 'yar sanda tana korar kaji kada su tashe shi.

Kakau ba nisa gare ta ba, mota ɗaya ce daga gari. Ba a yi kwana goma ba mutane suka gano inda muke. Sai Goggo ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta kafa a ƙofar gida, nan take ɓare gyaɗa, nan take tsince wake. Wanda ya zo gaisuwa kawai, za ta ba shi ruwa, ta ce za ta isar. Wanda ya zo da matsala, za ta saurare shi har ƙarshe, ta faɗa masa ra'ayinta ko bai tambaya ba, ta raka shi bakin hanya. Ranar da magatakarda ya zo tana tsakiyar tuƙi, ta fito da muciyar a hannu.

"Mama, sori, ba zan daɗe ba. Komiti ne suka aiko ni, sa hannu kawai zai yi a takardar nan."

"Wanda kuka ɗauko ya riƙe masa, ba shi da hannu ne?"

"Yana da shi, Mama, amma ai Fasto ne ya san…"

"Ba Fasto a nan. Ka gai da komiti."

Ya yi taku ɗaya gaba, ta ɗaga muciya. Dattijo ya hau baburinsa ya juya, ni kuwa ina bayan rumbu kunya kamar ta kashe ni. A raina na ce tsohuwar nan za ta zubar mana da mutuncin da muka shekara goma sha ɗaya muna tarawa.

Wannan tunanin ne ya kai ni ga abin da na yi. Akwai wata ƙawata a zumuntar mata, an sallami mijinta daga masaƙa, ya faɗa shan giya, ga jaririnta ba lafiya. Ta aiko mini cewa in Fasto bai ɗora wa yaron hannu ba hankalinta ba zai kwanta ba. Na aika mata ta zo ranar kasuwa, lokacin da Goggo take rumfa, ta biyo hanyar rafi ta baya ta same shi a gona. Na sani sarai halin da yake ciki. Amma na gaya wa kaina wataƙila in ya ga jariri a gabansa abin zai dawo, kuma ko bai dawo ba, ai bakin ya saba.

Hadari ya haɗu da wuri ranar, Goggo ta baro kasuwa tun kafin azahar, ta biyo ta gona. Ta tarar da mu a haka: ƙawata a durƙushe tana miƙa jariri, ni a gefe na rufe ido, maigida a tsaye da fartanya, gumi ya jiƙa rigarsa, leɓunansa suna motsi ba sauti. Goggo ta ajiye kayanta ta karɓi yaron, ta zauna a ƙasa, ta yi masa addu'a da yarenmu, gajeriya. Ta taɓa maɗigarsa, ta duba idonsa, ta ce wa uwar, "Ruwan jikinsa ya ƙare. Tashi, asibiti za ki yanzu." Da kanta ta kai ta bakin titi ta tsayar mata da mota. Yaron ya warke, yanzu haka yana makarantar Lahadi. Maigida kuwa ya shiga ɗaki, kwana biyu bai fito ba, bai ci komai ba.

Mai laifi ta fi kowa saurin fushi, haka na kasance. Da la'asar na same ta tana tsinke rama, na fara tun ba ta tanka ba. Na ce mata ba ta san aikin Allah ba. Na ce ta ɗauki bawan Allah tana so ta mai da shi manomi. Na ce jama'a suna da haƙƙi a kansa, kuma in ana so a ji gaskiya, hutun nan da ta ɗaure shi a ciki shi ya sa ya kasa buɗe baki a gaban jariri. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Ta bar ni na gama. Ba ta ɗago kai daga ramar ba ta fara magana.

"Mijina ƙauye bakwai yake zagayawa a kan keke ɗaya. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana uku bai runtsa ba. A na huɗu da tsakar rana barci ya ɗauke shi. Sai ga mutane daga wani ƙauye, wai tsohonsu yana bakin mutuwa, yana son addu'a. Na tsaya a ƙofa na ce yana barci. Suka ce sun san ba shi da lafiya, amma tsohon ba zai kai gobe ba. Na ji tsoron a ce matar mai bishara ta hana. Na shiga na tashe shi. Da hannuna na miƙa masa hularsa." Ta jefa ganye a ƙwarya. "Tsohon nan sai da ya ƙara shekara shida a duniya. Nawa kuwa washegari aka kawo mini shi a kan makara. An yi kuka kwana uku, a na huɗu aka aika a tambayi mishan wa za su turo."

Shekara goma sha biyar ina gidan, ban taɓa jin wannan labari ba, kuma daga baya na gane ko maigida bai san shi haka ba.

Ta ce, "Ba na jin haushin mutanen, Amarya. Tsohonsu suke so, ba laifinsu ba ne. Ni ce nake tsaye a ƙofa."

Nan na durƙusa na fashe da kuka, na gaya mata abin da muke ɓoyewa, cewa ba jiri ba ne, addu'a ce ta ɗauke masa. Na ɗauka za ta firgita. Ta ce, "Na sani tun ranar tuwon gidanku. Ku kuna rufe ido, ni ina kallonsa." Ta tura mini ƙwaryar ramar ta ce in taya ta, hannuna ba ciwo yake ba. Daga ranar ta bar ni na koma murhu.

Washegari na ɗauko wata kujerar na ajiye kusa da tata a ƙofar gida. Ta matsa gefe ta ba ni wuri. Na koyi cewa "ba zai fito ba" ba tare da na ƙara da wani dalili ba. Har matan zumuntarmu na mayar, kuma na san abin da aka riƙa faɗa a kaina a Sabon Tasha, domin ƙanwata ba ta rage mini ko ɗaya ba in ta kawo babbar 'yarmu ranar Asabar. Ya yi mini zafi ƙwarai, amma ban tashi daga kujerar ba.

Damina ta yi nisa. Maigida ya yi ƙiba, ya yi baƙi, ya fara dariya da yara, yana cin tuwo malmala biyu. Ranar Lahadi muna zuwa wata 'yar majami'a a Kakau, mu zauna a bencin baya, Goggo ta riga ta ja wa mai bisharar wurin kunne kada ya kuskura ya ce akwai baƙon fasto. Jiki ya dawo. Addu'a ba ta dawo ba. Kullum in na dube shi sai ya girgiza kai, har na daina duba.

Saura wata guda hutu ya ƙare, dattawa suka aiko da wasiƙa, wannan karon Goggo ta yarda ta karɓa. Suna sa ransa Lahadin farko bayan girbi. Ya karanta mana a tsakar gida, ya ninke, ya ce, "Ban san abin da zan ce musu ba. Ba zan ƙara tsayawa a gaban mutane in yi musu ƙarya ba."

Goggo ta ce, "To, kada ka yi. In ba ka ƙara hawa bagade ba har ka mutu, gonar nan taka ce, ɗakin nan naka ne. Ni ban raine ka don coci ba. Maraya na gani yana kuka, na ɗauka." Sai ta juyo ta zuba mini ido. "Ke fa?"

Ba zan yi ƙarya ba, ban amsa nan take ba. Gidan fasto ya faɗo mini a rai, da layin gaba, da yadda ake tashi a ba ni kujera a wurin biki. Na ga kaina ina sayar da gyaɗa a kasuwar Kakau, matan da nake shugabanta suna wucewa suna nuna ni. Goggo ba ta taimake ni da ko kalma ɗaya ba, ta bar ni ina kokawa. Da na samu bakin magana na ce masa, "Lokacin da na aure ka ba fasto ba ne kai. Malamin firamare ne mai wando ɗaya, kuma haka na ce ina so." Ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya tashi ya nufi bayan gida. Goggo ta ce, "Ba laifi."

Bayan kamar kwana goma muka fara cirar gyaɗa. Da safe ne, raɓa ba ta gama bushewa ba. Ni da Goggo muna zaune bayan dawa muna tsinke wadda aka ciro jiya, shi yana gangare shi kaɗai, bai san mun iso ba. Ta tsakanin karan dawa nake hangensa. Ya kama wani tushe ya ja, ya fito da shi cike da 'ya'ya har suna rinjayar hannunsa. Gonar gangaren nan ce da ya huɗe a karkace. Ya ɗaga shi ya tsaya yana kallo. Sai muka ji ya ce, da muryarsa ta gida, ba ta coci ba, "Kai, Ubangiji. Dubi wannan. Na gode." Sai ya zauna a ƙasa da gyaɗar a cinyarsa, ya ci gaba da magana ƙasa-ƙasa, ba ma jin abin da yake cewa, ya daɗe.

Na zabura zan miƙe. Halleluya tana bakina, kuma Allah ya gafarta mini, a cikin ƙiftawar idon nan har na tsara yadda zan ba da shaida a taron zumunta. Goggo ta cafki zanina ta mayar da ni ƙasa, ta toshe mini baki da hannunta mai ƙasa.

Ta raɗa mini, "Zauna. Ba da ke yake magana ba."

Da ta sake ni na ce, "Goggo, ai dole a gode wa Allah a gaban jama'a."

"Gode masa a nan, yana ji. In kika kai wannan coci, gobe za a yi layi a zo ganin faston da addu'arsa ta dawo. In kika gaya masa mun ji, gobe in ya buɗe baki zai fara waige. Abin nan jariri ne, ba a fita da shi yanzu."

"Har yaushe zan yi shiru?"

"In na mutu ki faɗa. Lokacin ba ni da ikon hana ki."

Muka ja jiki muka koma gida ta bayan dawa kamar ɓarayi. Hawaye suna zuba a fuskarta, ba ta share ba, ba ta kuma yi maganarsu ba.

Ya koma aiki Lahadin da aka sa. Shi da kansa ya gaya wa dattawa gaskiyar abin da ya same shi, ba wanda ya jefe shi, biyu daga cikinsu ma kuka suka yi. Yana nan yana aikinsa har yau, duk damina kuma sai mun je mun yi mako biyu a Kakau. Goggo ba ta taɓa tambayarsa yaya aka yi ba, har ciwon kwana tara ya zo ya ɗauke ta a ɗakinta, muna riƙe da hannunta.

Shekara huɗu na riƙe bakina, ni da aka sani da surutu. Makon jiya, bayan baƙi sun tafi da la'asar, na ce masa ina so in rubuta wani abu a kan Goggo, amma akwai abin da sai da izininsa. Kafin in ci gaba ya ce, "Akwai abin da yake damuna, Maman yara. Wani abu ya faru da ni a gonar gangare, shekarar da muka zauna can. Ita ya kamata ta fara ji. Kullum muka je sai in ce sai wani zuwan, har ta tafi ban gaya mata ba."

Na ce, "Ta sani. Muna bayan dawa, ni da ita. Ta ji da kunnenta."

Ya dube ni. Can ya ce, "Ranar kuwa faɗa ta yi mini, wai na bar rabin gyaɗa a ƙasa."

Na ce, "Ka manta a daren ta yanka mana zakara, ba biki ba baƙo."

Ya rufe fuskarsa da hannu biyu ya yi kuka, irin wanda bai samu yi ba ranar jana'iza saboda idon jama'a. Na bar shi ya yi nasa, ni ma na yi nawa. Da ya lafa ya ce in rubuta duka, kada in rage ko nawa laifin.

Na rubuta. Ubangiji ya karɓi Goggo hannu biyu. Mu da ta bari, muna kewarta ƙwarai.